Kwana biyu a Firenze: Uffizi, ƙubba, lambu ko gidan sulke, wanne ya cancanci kuɗinka da ƙafarka?

Wani ƙanina da ke harkar fata a Kano ya turo mini saƙo a watan jiya. Zai je ganin abokan cinikinsa a Santa Croce sull'Arno, garin majema da ke tsakanin Firenze da Pisa, in ya gama kuma zai samu kwana biyu a Firenze, birnin da Turawan Ingila ke kira Florence. Ya jero mini wurare goma sha ɗaya da ya gani a intanet, ya ce: "Yaya, wanne zan bari?" Amsar ta yi wa saƙon waya tsawo, shi ya sa na ga gara in shimfiɗa ta a nan, don na san ba shi kaɗai ne ke da wannan tambaya ba. Daga Roma jirgin ƙasa mai gudu awa ɗaya da rabi yake yi zuwa Firenze, daga Milan kamar awa biyu, saboda haka 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan'uwanmu mazauna Italiya kan leƙa garin na kwana ɗaya ko biyu.

Tsohon garin ƙarami ne. Daga tashar Santa Maria Novella zuwa gadar Ponte Vecchio bai fi tafiyar minti ashirin a ƙafa ba. Wannan ƙanƙantar ce ke yaudarar baƙo, ya ɗauka zai gama komai a yini. Ba a tauna taura biyu. Wanda ya cusa wurare shida a rana ɗaya yakan dawo da kumburarriyar ƙafa da hotuna ɗari uku a waya, ka tambaye shi me ya gani ya kasa faɗa.

Ma'aunin da zan bi

Na farko kuɗi. Farashin da zan kawo na shekarar 2025 ne, da yuro, kuma hukumomin gidajen tarihin kan ƙara shi lokaci-lokaci, don haka a leƙa shafinsu kafin a tafi. Na biyu lokaci, wanda ya haɗa da layin shiga da zaman ciki. Na uku jiki: matakala nawa, tsayuwa nawa, akwai wurin zama ko babu. Na huɗu abin da ido zai gani. Wannan ma'auni jagororin yawon buɗe ido na Turawa ba sa sa shi, amma mu dole mu sa. Yawancin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen Firenze ko dai labaran coci ne ko kuma siffar mutum tsirara, irin ta tsoffin Girkawa da Rumawa. Wani ba zai damu ba, wani kuwa ba zai so shiga da surukarsa ko 'ya'yansa ba, kuma ya kamata a gaya masa tun kafin ya biya. Na biyar ɗorewa, wato abin da zai zauna maka a rai bayan wata shida, wanda za ka iya zama ka ba da labarinsa a majalisa. Inda akwai haɗari kuma zan ambata a wurinsa.

Uffizi

Shi ne sunan da kowa ya fara ji, babban gidan adana zane-zane na garin. Kalmar ma'anarta ofisoshi, domin Giorgio Vasari ya soma ginin a 1560 ne don ma'aikatan gwamnatin Cosimo na Ɗaya, na gidan Medici, attajiran da suka juya suka zama sarakunan garin. Dalilin da ya sa kayan suke nan har yau mace ce: Anna Maria Luisa, ta ƙarshe a zuriyar, wadda ta ƙulla yarjejeniya a 1737 cewa ba za a fitar da tarin kayan gidansu daga Firenze ba.

Tikiti yuro 25 ne, da ƙarin 4 in ka ajiye wuri tun da wuri. Kada ka yi ƙyashin huɗun nan. A lokacin zafi wanda bai ajiye wuri ba yakan yi awa ɗaya ko biyu a layi. A ciki kuma ka ware awa uku, kusan duk a tsaye, a dogayen baranda masu cunkoso. Ɗakunan Botticelli, inda zanen haihuwar Venus, gunkiyar soyayya ta Rumawa, da na bazara suke, sun fi ko'ina cika, za ka riƙa leƙe ne ta saman kafaɗun mutane. Akwai Leonardo da Vinci, akwai Michelangelo, Raffaello, Tiziano da Caravaggio. Tsiraici yana da yawa, ba a ɗaki ɗaya ba.

Abin da ya tsayar da ni a can wani zane ne da mutane ke wucewa da sauri, na Gentile da Fabriano, wanda ya gama a 1423, mai nuna masu hikima daga gabas sun zo gaida jariri Annabi Isa. Allon cike yake da ruwan zinare da dawakai masu ado. Ka matsa kusa ka dubi da'irar hasken da ya zana a kan Nana Maryamu: rubutu ne mai kama da Larabci, alifai da lamai a jere kamar a bakin farantin tagulla na Misira. Ba ya karantuwa, mai zanen kwaikwayon siffar haruffan kawai ya yi, saboda a zamaninsa kayan alfarma daga ƙasashen Musulmi suke zuwa, kuma rubutun da ke jikinsu alamar daraja ce. Na fi minti goma a gabansa.

Hukuncina: in kana da sha'awar zane tun asali, ko ka karanta tarihin Turai, Uffizi ba shi da na biyu a garin. In kuwa don an ce a je ne za ka je, bayan ɗaki na goma komai zai soma zama iri ɗaya a idonka, ka fito da gajiya. Haɗarinsa biyu: shafukan intanet masu kama da na hukuma da ke sayar da tikiti ninki biyu, da 'yan sane a harabar shiga.

Accademia

Wuri ne na abu guda: mutum-mutumin David na Michelangelo, wanda ya sassaƙa daga dunƙulen marmara ɗaya tsakanin 1501 da 1504. Tsawonsa ya haura mita biyar, tsirara yake, kuma sunan Annabi Dawuda aka ba shi, abin da shi kaɗai ya isa ya sa wasunmu su ja baya. An shigo da shi ciki a 1873 don kare shi daga ruwa da rana. Tikiti yuro 16 da 4 na ajiye wuri, awa ɗaya ta isa, babu hawa. Layinsa kuwa ya fi girman wurin nesa ba kusa ba.

Gwanintar ba ta da musu, har jijiyar bayan hannu an fitar. Ni dai sassaƙe-sassaƙe huɗu da bai ƙarasa ba, da ke hanyar isa wurinsa, sun fi burge ni, don ana ganin sawun kurfi a jikin dutsen kamar jiya ya ajiye aikin. Amma yuro 20 don awa ɗaya, alhali kwafinsa na tsaye kyauta a dandalin Piazza della Signoria tun 1910, ciniki ne da mai kwana biyu zai iya bari.

Ƙubbar Duomo da abin da ke kewaye da ita

Nan ne zuciyata ta fi karkata. Babbar majami'ar garin, Santa Maria del Fiore, wadda ake kira Duomo, an aza harsashinta a 1296, aka yi sama da shekara ɗari ana gini, aka bar tsakiyarta a buɗe domin ba wanda ya san yadda za a rufe rami mai faɗin kusan mita 45. Katakon da zai tallafi irin wannan rufi babu shi. Filippo Brunelleschi, wanda asalinsa maƙerin zinare ne, shi ya karɓi aikin a 1420 ya gama a 1436. Ya yi ƙubba biyu, ɗaya cikin ɗaya, ya jera tubali a karkace kamar ƙashin kifi yadda kowane zagaye zai riƙe kansa kafin a ɗora na gaba. Tubalin ya haura miliyan huɗu. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani, ya ɗaga kai yana tambayar me ke riƙe da wannan nauyi, tambayar nan ce zai sake yi a nan.

Shiga majami'ar kanta kyauta ne, sai dai layi, kuma ana son a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda ba matsalarmu ba ce. Hawa ƙubba sai da tikitin da ake kira Brunelleschi Pass, yuro 30, mai aiki kwana uku. Ya haɗa da hasumiyar Giotto, da ɗakin baftisma, da gidan tarihin majami'ar. Akwai na yuro 20 wanda babu ƙubba amma akwai hasumiya, da na 15 wanda babu hawa ko ɗaya.

Matakala 463 ne, babu na'urar hawa. Ana ba ka sa'a takamaimai, in ka makara ta wuce ka, kuma a lokacin cunkoso wuraren kan ƙare kwanaki kafin ranar. Hanyar tana bi ta tsakanin ƙubbobin biyu, ƙunci ne da ita, wani wurin sai ka karkata kafaɗa, mutane a gabanka mutane a bayanka. Mai hawan jini da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, da wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali, don Allah su haƙura. Babbar riga ma a bar ta a masauki, a sa kaftani da takalmi mai kama ƙasa. Babbar jaka ba ta shiga.

Ladan wahalar shi ne kana tafiya a cikin aikin kansa. Tafin hannunka na kan tubalin da aka jera shekara ɗari shida da suka wuce, kana ganin karkatar jerin da idonka. A tsakiyar hanya za a fito da kai wata siririyar baranda dab da zanen ranar hisabi da ya cika cikin ƙubbar, mai siffofin azaba da ka iya tsorata yaro. Daga nan sai sama, jajayen rufin garin duka a ƙarƙashinka, kogin Arno ya ratsa, tuddai masu itatuwan zaitun sun kewaye. Wanda ke shakkar ƙarfinsa ya zaɓi hasumiyar: matakala 414, amma akwai wuraren hutawa masu iska a hawa-hawa, kuma daga can ne ake ganin ƙubbar sosai. A ma'aunin ɗorewa, wannan ne na ɗaya a wurina.

Fadar Pitti da lambun Boboli

Suna ƙetaren kogi, bayan ka haye Ponte Vecchio, gadar 1345 mai shaguna a kanta. Mahauta ne a shagunan da, sai a 1593 aka tashe su saboda wari aka zuba maƙeran zinare, su ne a wurin har yau. Fadar wani attajiri ne mai suna Luca Pitti ya soma ta, gidan Medici suka saye a tsakiyar ƙarni na 16, daga baya sarkin Italiya ya zauna a ciki lokacin da Firenze ta zama babban birnin ƙasar daga 1865 zuwa 1871. Tikitin fada da lambu a haɗe yuro 22, lambu kaɗai 10. Layi bai kai na Uffizi ba ko kusa.

Bambancinta da Uffizi shi ne a nan gidan sarauta kake gani yadda aka zauna a cikinsa: zane a kan zane har rufi, kujeru, fitilu, gadaje, da sashe guda na tufafin da. Wanda ke son ganin yadda masu mulki suka rayu zai fi jin daɗin nan.

Lambun kuwa sai a yi hattara da kalmar. Kada ka sa ran furanni da ciyawar shimfiɗa tabarma. Boboli tudu ne, hanyoyinsa tsakuwa, da dogayen itatuwa da aka yi wa aski, da tafkuna da mutum-mutumi a kowace kwana, har da wani dogon dutse mai tsini na zamanin Fir'auna Ramses na Biyu da aka kawo daga Misira ta hanyar Roma. A watan Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 35, kuma hawan yana da yawa. Da safe ko bayan la'asar ne lokacinsa. Keken jariri yana wahala a tsakuwar. Amma yara masu gudu da ƙafarsu, bayan an hana su taɓa komai a gidajen tarihi, a nan suke samun sarari.

Museo Galileo

Yana bayan Uffizi, a bakin kogi, mutane na wuce ƙofarsa ba su sani ba. Gidan kayan kimiyya ne. Tikiti wajen yuro 13, layi kusan babu, awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa, kuma yana buɗewa ranar Litinin, ranar da manyan gidajen tarihi na gwamnati ke rufe. Akwai madubin hangen nesa guda biyu na masanin taurari Galileo da kansa, da agogai, da taswirori, da kayan awon ƙasa. Sashen likitanci yana da siffofin kakin zuma na haihuwa, wanda mai tafe da yara zai iya tsallakewa.

Abin da nake so ɗan'uwa ya nema shi ne wata ƙwallon tagulla mai taswirar taurari, wadda Ibrahim ibn Sa'id as-Sahli ya ƙera tare da ɗansa Muhammad a Balansiya ta Andalus wajen 1085. Ana lissafa ta cikin mafi tsufa irinta da suka rage a duniya. Sunayen taurarin da Larabci aka zana su. Kusa da ita akwai usturlabi iri-iri, faifan tagullar da malaman da ke auna tsayin rana da taurari da shi don sanin lokacin salla da alƙibla. Wanda ya taɓa zama gaban malamin hisabi ko ilimin taurari a zaure, ya ji ana lissafa manzilolin wata, zai tsinci kansa a gida a ɗakin nan. Idan aka auna kuɗi da abin da ake samu, ban ga wanda ya kai shi ba.

Gidan Stibbert

Wannan ba ya cikin jerin ƙanina, ni na ƙara masa. Frederick Stibbert, wanda ya rayu daga 1838 zuwa 1906, uwarsa 'yar Toskana ce, wato yankin da Firenze take, ubansa Baturen Ingila. Ya gaji dukiya mai yawa, ya ƙarar da rayuwarsa yana tara makamai da tufafin yaƙi, ya bar wa garin gidan da kayan. Yana kan tudu a arewacin gari, sai an hau tarago ko bas an ƙarasa da ƙafa. Tikiti wajen yuro 10, ana shiga rukuni-rukuni tare da ma'aikaci, ranar Alhamis a rufe yake. Lambunsa mai inuwa kyauta ne.

A babban zauren an jera mahaya a kan dawakai masu girman gaske, sahu-sahu, kowa cikin shirinsa. Akwai na Turawa cikin ƙarfe tun daga kai har ƙafa, akwai na Turkawan Usmaniyya, sannan wani ɗaki daban mai ado irin na Andalus da aka ware wa mayaƙan ƙasashen Musulmi har zuwa Farisa da Indiya. Bakano ko Bakatsine ko Bazazzagi da ya tashi yana kallon hawan salla ba ya buƙatar mai fassara a nan. Ga sulke, zobe cikin zobe, irin wanda 'yan sulke ke sawa. Ga kwalkwali, ga garkuwa, ga rigar doki da za ta tuna maka lifidi, ga likkafa mai faɗi. Na tsaya ina duba yadda aka ɗinke bakin wani sirdi, na ce da ma wani baduku daga cikin gari yana nan ya gani. Akwai kuma kayan yaƙin Japan masu yawa, da alkyabbar da Napoleon ya sa lokacin naɗinsa sarkin Italiya a 1805. Aibinsa ɗaya: da zuwa da dawowa zai ci maka rabin yini.

Piazzale Michelangelo

Fili ne a kan tudu da aka gina a 1869, kyauta, ba ƙofa ba tikiti. Bas mai lamba 12 ko 13 na kaiwa, ko a hau da ƙafa daga bakin kogi. Duk hoton Firenze da ka taɓa gani daga nan aka ɗauke shi. Ana cika kafin faɗuwar rana, a riƙe waya da kyau. A gangarensa akwai lambun wardi, shi ma kyauta, wanda ya fi kyau a watan Mayu. A tuna cewa a tsakiyar bazararsu magariba kan kai ƙarfe tara na dare.

| Wuri | Kuɗi da yuro | Lokaci | Wahalar jiki | Layi | Ranar rufewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Uffizi | 25, da 4 na ajiye wuri | awa 3 | doguwar tsayuwa | mai tsawo | Litinin |
| Accademia | 16, da 4 | awa 1 | kaɗan | mai tsawo | Litinin |
| Ƙubba da kewayenta | 30, 20 ko 15 | rabin yini | matakala 463 | sa'a takamaimai | ƙubba ba ta buɗewa da safen Lahadi |
| Pitti da Boboli | 22, lambu kaɗai 10 | rabin yini | hawa da gangara | matsakaici | fada: Litinin |
| Museo Galileo | wajen 13 | awa 2 | kaɗan | kusan babu | yana buɗewa Litinin |
| Stibbert | wajen 10 | rabin yini | matsakaici | babu | Alhamis |
| Piazzale Michelangelo | kyauta | awa 1 | hawa, ko bas | babu | babu |

Akwai kati mai suna Firenze Card, yuro 85, na awa 72. Ka haɗa Uffizi da Accademia da Pitti da Galileo, kuɗinsu bai wuce na katin ba, kuma hawa ƙubba ba ya ciki. Sai mai shiga gidaje biyar ko shida yake cin ribarsa. 'Yan ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shiga gidajen gwamnati irin su Uffizi da Accademia da Pitti, a riƙe fasfo ɗinsu a hannu. Lahadin farko ta kowane wata kyauta ce ga kowa a waɗannan gidaje, amma cunkoson ranar ya fi ƙarfin mai kwana biyu.

Abinci

A nan ne baƙo Musulmi ya fi shiga ruɗani, domin girkin Toskana ya dogara ƙwarai da alade. Ka haddace waɗannan kalmomi: maiale shi ne alade, cinghiale aladen daji, prosciutto da pancetta da salame da finocchiona duk namansa ne, lardo da strutto kitsensa, vino kuwa giya. Strutto ne mai ɓuya, yakan shiga wasu burodi da kayan zaƙi. Miyar naman taliya, ragù, sau da yawa akwai alade ko giya a ciki. Tambayar gajeriya ce: "C'è maiale? C'è vino?" Masu hidima sun saba jin ta.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka. Ta farko gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Bangladesh da Larabawa da Turkawa, waɗanda suka fi yawa a kewayen tashar jirgin ƙasa da unguwar San Lorenzo. Yuro 6 zuwa 15 ka ƙoshi, hankalinka kwance, sai dai ba abincin garin ka ci ba. Akwai masallaci a wajen Piazza dei Ciompi, kusa da majami'ar Santa Croce ta cikin Firenze, kuma masallata sun fi kowa sanin inda nama mai kyau yake.

Ta biyu, wadda na fi so, ita ce abincin talakawan Toskana marar nama. Ribollita miya ce mai kauri ta wake da ganye da busasshen burodi, ana dafawa a kwana a sake tafasawa, a zuba man zaitun a kai, tana zama a ciki kamar faten wake. Pappa al pomodoro faten tumatir ne da burodi. Panzanella kwaɗon burodi ne da tumatir da albasa, na lokacin zafi. Duk da haka a tambaya, don wasu kan jefa fatar alade a ribollita. Burodinsu ba gishiri, haka al'adarsu take, da miya ake cin sa. A ƙaramin gidan abinci da suke kira trattoria, a unguwar Santo Spirito ko kusa da kasuwar Sant'Ambrogio, kwano ɗaya kan kama yuro 8 zuwa 12.

Ta uku ita ce naman sa na garin, ga wanda fahimtarsa ta yarda da yankan Ahlul Kitabi. Malamai sun yi saɓani kan naman mayankar Turai ta yau, kowa ya tambayi malaminsa tun a gida. Bistecca alla fiorentina tsoka ce mai kaurin yatsu uku da ƙashinta, da kilo ake sayarwa, galibi yuro 50 zuwa 70, kuma ba a cika yanka ƙasa da kilo ɗaya ba. Waje ya gasu, ciki ja jawur. Wanda ya saba da tsire da balangu da suka gasu har ciki zai iya kasa ci, kuma mai gashin ba ya son a ce ya mayar wuta. A tambayi nauyi da kuɗi kafin a ɗora. Mai arahar shi ne lampredotto, tumbin sa da ake dafawa a romo, a yayyanka a cusa cikin burodin da aka tsoma a romon, a zuba koren yaji, wajen yuro 5 a rumfunan bakin titi. Mai son farfesun kayan ciki zai gane ɗanɗanon nan take.

Ta huɗu benen kasuwar Mercato Centrale, ginin 1874 da aka mayar da samansa wurin cin abinci a 2014. Rumfuna ne da yawa da tebura na kowa da kowa: kifi, taliya, pizza margherita mai tumatir da cuku kawai. Ya dace da ayarin da kowa ke son abu daban, kuma a buɗe yake a lokacin da sauran gidajen abinci suka rufe tsakanin rana da dare. Akwai hayaniya, kuma ana shan giya a teburin da ke kusa da kai.

Ƙananan abubuwa masu cin kuɗi: coperto, kuɗin zama ne na yuro 2 zuwa 4 kan kowane mutum, dokarsu ta yarda da shi, yana rubuce a takardar abinci. Kofi a tsaye bai kai yuro 2 ba, a zaune a babban dandali ya ninka sau uku. Ruwan sha kyauta yana fita a famfon da ke jikin bangon Palazzo Vecchio, tsohuwar fadar da ke dandalin Signoria, ka riƙe gora. Askirim ɗinsu, gelato, wanda aka tula kamar dala mai launi ƙyal-ƙyal a kan hanyar 'yan yawo shi ne mai tsada marar daɗi, na kirki a rufe yake cikin gwangwanin ƙarfe. Gidan da aka sa mutum a ƙofa yana kiranka, da hotunan abinci a allo, wuce shi. Jakunkuna masu tambarin jabu da ake shimfiɗawa a ƙasa kuwa, a dokar Italiya mai saye ma ana cin sa tara.

Wa ya dace da me

Mai yini ɗaya da lafiyayyar gwiwa: ƙubba da sassafe, Museo Galileo bayan azahar, Piazzale Michelangelo kafin magariba. Kuɗin shiga bai kai yuro 45 ba.

Mai tafe da iyaye ko wanda hawa ke wahalar da shi: tikitin yuro 15 na kewayen Duomo, fadar Pitti ba tare da hawan lambu ba, sannan bas zuwa Piazzale. Mai tafe da yara: Stibbert da safe, Boboli da yamma, a bar Uffizi sai sun girma. Wanda ba ya son ido ya faɗa kan tsiraici gwargwadon iko: Galileo da Stibbert da hasumiya, tare da sanin cewa dandalin Signoria kansa cike yake da mutum-mutumi a fili. Ɗalibin zane ko tarihi: Uffizi a sa'ar farko, ƙarfe takwas da kwata, yini guda ba a haɗa shi da komai ba, Accademia washegari. Mai ƙaramin aljihu: cikin majami'a, Ponte Vecchio, lambun wardi da Piazzale duk kyauta ne, ya ƙara Galileo kaɗai, ya ci ribollita da rana. Wanda ranarsa ta faɗo Litinin: ƙubba, Galileo da Stibbert.

Ƙanina kuwa na rubuta masa nasa daban. Ranar farko ƙubba da Galileo. Rana ta biyu Stibbert da safe, da yamma kuma Scuola del Cuoio, makarantar dukanci da ke bayan majami'ar Santa Croce, wadda aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Biyu don koya wa marayu sana'a. Ana shiga a tsaya a ga masu aiki suna yanka fata suna buga mata ganyen zinare da ƙarfe mai zafi. Na ce ya tafi da guntun jan kirgi na gida a aljihu, ya nuna musu.